Ɗan Yatsan da Ya Tafi Karatu

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, karatun ungozoma kuma bai tsotse ki ba. Mu nan lafiya lau. Baba yana gaishe ki. Tarinsa ya yi sauƙi, sai dai ya ƙi shan maganin da kika bari, wai ɗaci. Mutumin da ya tsufa yana shaƙar garin katako ne yake tsoron ƙwaya ɗaya. Maiɗakina ma tana gaisuwa.

Kin ce in daina rubuta miki “yarinya lafiya” in sa aya. To, ga labarin ’yarki dalla-dalla.

Ƙusa ta saba da ajin ƙanana, har ta fara tashin mu da safe. Idan an tashi, Baba ne ke ɗauko ta, ta wuni tare da mu a shago a kan ’yar kujerar da ya yi mata. Ta kuwa ci sunanta, ba lungun da ba ta shiga. Ta ɗora wa kanta aikin ware mana ƙusoshi, dogaye a gwangwani ɗaya, gajeru a wani, lanƙwasassu kuma ta ce marasa lafiya ne, a ajiye miki su ki duba.

Malamarsu tana yi musu wani wasa. Takan jera maɓallai biyar a kan tebur su ƙirga, sai ta kife kofi a kan wasu, ta ce nawa ne a ƙarƙashin kofi? Yawancin yaran sai sun leƙa. ’Yarki kuwa ko ƙiftawa ba ta yi, take faɗa. Malama ta tare ni a ƙofa tana tambaya wa ke koya mata a gida. Na gyara tsayuwa na ce ni ne, Allah ya yafe mini.

Gaskiyar magana, hannun Baba ne malaminta. Kin san na hagun, inda inji ya ɗauke ɗan yatsa tun ba a haife mu ba. Bayan tafiyarki ta riƙe hannun tana dubawa, ta ce, “Kaka, ina ɗayan?” Shi kuma ko murmushi bai yi ba ya ce, “Ya tafi karatu, kamar mamarki. In ya gama zai dawo.” Tun daga ranar, kullum sai ta ƙirga hannun. Ta taɓa babban yatsa ta ce ɗaya, ta taɓa gurbin ta ce, “Biyu, Allah ya ba da sa’ar jarrabawa,” sannan ta wuce. Biyar take samu, ba ta taɓa cewa huɗu ba.

Saboda haka ki kwantar da hankalinki ki yi abin da ya kai ki.

Yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na gode Allah da kuna lafiya. Ni ma lafiya, sai gajiya. Ka ce wa Baba in bai sha maganin nan ba, allura zan zo masa da ita.

Labarin yatsan ya ba ni dariya har abokiyar ɗakina ta ce ko na zautu. Da na gama dariyar kuma sai kuka ya zo, ban san daga ina ba. Jiya a ɗakin haihuwa aka miƙo mini jaririya in goge, na tsaya ina ƙirga ’yan yatsunta har Babbar Sista ta daka mini tsawa.

Amma Yaya, zaman shagon nan bai kwanta mini ba. Don Allah kada ta matsa kusa da inji. Kuma ware ƙusoshi ai ba karatu ba ne. Tana iya rubuta lambobi kuwa? Gwaggo ta rubuto mini daga birni, ta ce a makarantar da jikokinta ke zuwa, sa’o’in Ƙusa har ɗari suke ƙirgawa, suna rubutawa a kan layi. Ka san ubanta ya rasu tana goye, ba gona ba gida. Karatun nan shi ne kawai abin da zan iya ba ta, don shi na baro ta. In ta makara tun daga tushe saboda ba na nan, me na yi ke nan?

Nan gaba kaɗan za a rarraba mu asibitocin ƙauye, aikin koyo na ƙarshe. An riga an ja mana kunne: duk wadda ta bar wurin aikinta kafin a gama, ko mene ne dalilinta, sai ta maimaita shekara. Bara wata ta tafi jinyar uwarta, ga ta nan yanzu a ajinmu. Don haka ba ni da hutu sai an gama gaba ɗaya. Ka shafa mini kan Ƙusa, ka ce mata marasa lafiyarta su yi haƙuri.

Ƙanwarka, Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, kada ki ga na jinkirta ki ɗauka wani abu ne. Na yi ta jira ne ko zan samu labari mai daɗi in haɗa, ban samu ba.

Malama ta aiko a zo. Na je da garin katako a gira. Ta zaunar da ni a kan kujerar yara, gwiwoyina har haɓa, ta kira Ƙusa. Ta jera maɓallai biyar, yarinya ta ƙirga daidai. Ta kife kofi a kan biyu, ta ce, “Nawa ne a ƙarƙashi?”

Ƙusa ta ce, “Babu.”

Malama ta ce, “Duba da kyau. Ɗazu biyar ne, yanzu ga uku. Ina sauran?”

Ta ce, “Sun tafi.”

Aka ɗaga kofin, ga maɓallai nan zaune. Ta kalle su ta kawar da kai. Aka sake kifewa, ta sake cewa babu. Ba da wasa take faɗa ba, Auta, ba kuma da taurin kai ba. Haka kawai, kamar mai faɗin cewa rana ta faɗi.

Malama ta ce an kwana biyu ana haka. Abin da take gani a fili tana ƙirgawa, da an rufe shi kuwa shi ke nan. Ta daina ɗaga hannu, ta daina shiga layin waƙar ƙirga. Malama ba ta yi faɗa ba, mace ce mai natsuwa. Ta ce yaro yakan yi gaba ya ɗan dawo baya, amma ruwa ba ya tsami banza, mu duba gida. Ta kuma ce in har aka kai ƙarshen zango a haka, gara a bar ta ta sake shekara a ajin ƙanana da a tura ta aji ɗaya ta je ta ruɗe.

Na duba gidan, ban ga komai ba. Tana ci, tana barci, ba zazzaɓi. Sai dai ta yi sanyi. Gwangwanayen ƙusoshi sun cakuɗe ba ta kula ba. Hannun Baba ma ta daina ƙirgawa. Shekaranjiya ya miƙa mata, yana yi mata wasa, ta ɓoye hannayenta a baya. Ya lallaɓa, ya lallaɓa, daga ƙarshe ya koma kan aikinsa yana cewa, “Ni kam na gaza da yarinyar nan.”

Ban so in ɗaga miki hankali ba, amma ke kika ce kada in ɓoye miki komai.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ni dai ban san ko lafiya nake ba. A tsaye na karanta takardarka a bakin ofis.

Ta faɗi ne ba ku gani ba? Ta buga kai? Ka tabbata ba ta yi zazzaɓi mai zafi ba? Ku tsaya a bayanta ku kira sunanta a hankali ku ga ko tana ji, ƙarar injin nan ba ƙaramar aba ba ce. Na buɗe littattafaina ina neman abin da ke sa yaro ya manta abin da ya iya, duk shafin da na buɗe sai ya fi na baya ban tsoro. Na rufe.

Maganar Baba kuma na gane ta. Mutum ne da ba ya iya cewa ya gaji, sai dai ta suɓuce masa. Tun da har ya furta cewa ya gaza da ita, to ya daɗe yana haƙuri. Ba na ganin laifinsa. Ga shekaru, ga tari, ga shago, na zo na ɗora masa rainon jika. Ni ce ban yi tunani ba.

Na riga na rubuta wa Gwaggo. Na roƙe ta, da an yi hutun zango ta zo ta tafi da Ƙusa. Can akwai makaranta mai kyau, akwai asibitin yara, akwai sa’o’inta a gida. Ba zan zuba ido a ce ’yata ta maimaita aji tun ba ta kai ko’ina ba. Kai ka san yadda za ka faɗa wa Baba, ni ba zan iya ba.

Gobe za mu wuce ƙauye. An ce wasiƙa ba ta isa can sai ranar da motar magani ta zo, ita kuma sai ta ga dama. In ka ji shiru, dalilin ke nan.

Auta.

*

Auta,

Lafiya lau muke, in ban da abin da kika jawo.

Ke wai haka ake koya muku a makarantar, a karanta layi ɗaya a yanke hukunci? Baba bai ce ya gaji da riƙon Ƙusa ba. Ya gaza sa ta dariya ne, shi ya faɗa, kamar yadda yake cewa ya gaza da katakon da ya ƙi miƙewa, gobe kuma ki same shi a kansa tun da sassafe. Mutumin da ba ya karyawa sai ta zauna kusa da shi! Ni ma da laifina, da na sani da na haɗiye maganar.

Kunnenta lafiya. Na buɗe ledar alewa a bayan ƙofa, ta juyo. Mun kai ta wurin likita ya dudduba, ya ce bai ga komai ba.

Ban samu na faɗa wa Baba ba, saƙon Gwaggo ya riga ni. Wani direba ya kawo, a gaban mutane ya faɗa. Baba ya ce to. Na ce, “Baba, kuskure ne, bari in rubuta mata.” Ya ce, “Uwa ta fi kowa iko da ’yarta.”

Washegari na tarar ya sauko da katakon nan mai kyau da ya daɗe yana ɓoyo a saman rufi, wanda ya hana ni taɓawa. Akwati yake yi mata. Ya ce jikarsa ba za ta je gidan mutane da kaya a leda ba. Yana gogewa yana tari, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Ki rubuto ki janye maganar nan. Ina jin tsoro kada mu yi gudun gara mu faɗa gidan zago.

Yayanki.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Har yanzu shiru. Kullum sai na leƙa gidan waya, har ma’aikacin ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Allah ya sa lafiya. Baba da sauƙi, kowa lafiya.

Na gano abin da ke damun Ƙusa, kuma ba ciwo ba ne.

Akwai wata mata da ta ba mu aikin kabad kwanaki. Ta dawo ɗauka tare da ɗanta, wani mai rawar kai. Da shigowarsu Ƙusa ta shige ƙarƙashin teburin aiki. Yaron ya nuna Baba ya ce, “Mama, ga tsohon da inji ya cinye wa yatsa!” Matar ta ji kunya, ta hau ba da haƙuri. Ta ce ranar da suka fara zuwa ne yaron ya nufi inji, ita kuma don ta tsorata shi ta ce, “Kalli hannun tsohon can. Inji ne ya cinye, kuma abin da ya tafi ya tafi ke nan, ba ya dawowa har abada.” Ba ta yi da mugun nufi ba, kowace uwa za ta faɗa. Sai dai a ranar Ƙusa tana nan zaune a kan kujerarta tana ware ƙusoshi. Na tuna baya, daga lokacin ne komai ya canja.

Da suka tafi na durƙusa na leƙa ƙarƙashin teburin. Na ce, “Fito mana, sarkin lissafi.”

Ta ce, “Kawu, yatsan Kaka ba karatu ya je ba.”

Na ce, “Haka ne. Wasa Kaka yake yi miki.”

Ta hau murza garin katako da ƙafa. Can ta ce, “Mama ma inji ne ya cinye ta?”

Auta, na sha buga guduma a yatsa, ban taɓa jin abu ya ratsa ni haka ba. Na rantse mata kina nan da ranki. Na ɗauko wasiƙunki na nuna mata rubutunki. Ta taɓa ta ce, “Wannan ai takarda ce.” Baba ya zo ya zauna a ƙasa, da gwiwoyin nan nasa, ya ce mata yatsa daban, Mama daban. Ta dube shi ta ce, “Ai da ma ka ce zai dawo.”

Na je na faɗa wa Malama. Ta daɗe tana juya kofin a hannunta. Ta ce ita a aji, in yaro ya ce babu, ba ta gardama da shi. Ɗaga kofin take yi ya gani, ta kife, ta sake ɗagawa, har ya yarda cewa abin da aka rufe yana nan. Ta ce ta yi ta ɗaga wa Ƙusa ba ta amfana ba, ashe ba maɓallai take nema ba. Na gane ke take nufi, amma na san dokar makarantarku. Ba kuma don in matsa miki nake rubutawa ba. Wallahi ni ma ban san abin da ya kamata ba.

Ga kuma Gwaggo ta iso, an yi hutu. Ta zo da takardarki a jaka, sai ta fito da ita duk lokacin da na buɗe baki. Na ba ta labarin duka, ta share hawaye, amma ta ce ke kika kira ta, ke kaɗai za ki sallame ta. Ta yarda ta ɗan jira, sai dai ta bar gida ba kowa, ba za ta daɗe ba.

Akwatin ya kammalu. Baba ya sa masa ’yar sakata, ya shafa masa mai har yana ƙyalli. Ɗazu Ƙusa ta ga Gwaggo tana ninke rigunanta tana jerawa a ciki. Ba ta yi kuka ba. Ta zo ta kama gefen rigata ta ce, “Kawu, ni ma karatu zan tafi?”

Don Allah ki ba da amsa.

Yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Motar magani ta lalace ne, sai yau ta zo, ta kawo takardunka biyu tare. A kan dakalin asibiti na karanta, mata masu jiran awo suna ta tambaya ko rasuwa aka yi mini.

Ka fara da Gwaggo. Ka ba ta haƙuri, ka gode mata, ka ce na janye, a fitar da kayan daga akwati yanzu-yanzu, a gaban Ƙusa. Baba kuma kada ka ce masa komai, wannan da bakina zan roƙa.

Na yi ta tsoron kada ta makara a ƙirga, ashe yarinyar lissafinta daidai take yi. An ce mata abu biyu sun tafi karatu, ta gano ɗaya ba zai dawo ba. Ko ni ce, amsar da zan bayar ke nan.

Na je wurin Sistar da ke kula da mu. Ta ce in yi haƙuri, an ci fiye da rabi. Ta tuna mini doka, ta ce ba ta da ikon ɗaga mini ƙafa ko da tana so. Na ce na ji. Ta ce in je in kwana in yi tunani. Na ce mata tunanin da na yi ta yi ne ya kai mu nan.

Mijin wata mai jego zai shiga gari yau, shi zai ba direban motar garinmu wannan takarda. Ni sai na miƙa matan da ke hannuna ga wadda za ta karɓe ni, sannan in taso. Zan zauna har a koma makaranta, ni zan riƙa kai ta in ɗauko ta. In lokacin komawata ya yi, za ta raka ni tasha ta ga motar da idonta, kuma duk hutu sai na zo, ko da kwana ɗaya zan yi. Akwatin ma ni zan tafi da shi, ta ga ya tafi ya dawo.

Kada ku ce mata ina zuwa. An faɗa mata magana ta ishe ta, gani ya kori ji. Ku bar ta a kan kujerarta a shago, ku zuba mata ƙusoshin, na san hanya.

Ka kuma ce wa Malama ta dakata da maganar sake aji tukuna. In dole sai wani ya maimaita shekara a gidanmu, ni ce zan maimaita.

Ƙanwarka, Auta.